Sabis na daskarewa a shagonmu, Kawu ya ɗora laifin a kan yaron sito

Wani matashi daga Gombe ya aiko da wannan wasiƙa:

"Assalamu alaikum, Malam. Na karanta kwamfuta, yanzu ina taimaka wa Kawu, ƙanen mahaifiyata, a shagonsa na sarin takin zamani da maganin feshi. Muna karɓar intanet ta rediyo daga wani kamfani, megabit 20 na saukewa da megabit 5 na ɗorawa. Ni na sa aka sayo na'urar MikroTik ta zama mana fayawol, wato mai tsaron ƙofar intanet ɗin shago da tsara zirga-zirgarsa. A kan layin akwai kwamfutocin lissafi uku, POS biyu masu aiki da wayfay, kyamarori takwas, sai wayoyin yaran shago. Daga hantsi zuwa azahar komai sai ya daskare. POS ya yi ta juyi kwastoma na tsaye, kiran WhatsApp da dillalanmu na Legas ya yi ta yankewa. Na shiga saitin QoS, wato tsarin fifita wani aiki a kan wani a layin intanet, na ba wayar Kawu da POS fifiko na ɗaya, ban ga canji ba. Kawu ya ce yara ne ke cinye sabis da TikTok. Ya kama mai kula da sito da waya a hannu, ya ce zai yanke masa albashin wannan wata, ni kuma in riƙa kawo masa rahoton abin da kowa ke kallo. To amma na duba da Torch, abin da ke nuna wa ke cin layi a MikroTik, na ga na'urar kyamarori ce ke cika layin, daidai lokacin da Kawu yake gida ko gona yana kallon shago ta wayarsa. Shi ya biya min kuɗin makaranta, ina jin nauyinsa ƙwarai. Yaya zan gyara saitin, kuma yaya zan yi da Kawu?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu taɓa na'ura, akwai abin da ba zai jira ba, wato albashin yaron nan. Kai kaɗai ne a shagon ka san ba shi ne sanadi ba. In ka yi shiru har wata ya ƙare aka yanke masa, haƙƙinsa ya hau kanka kamar yadda ya hau kan Kawu, kila ma naka ya fi nauyi, don shi Kawu zato ya yi, kai kuwa da idonka ka gani. Saboda haka magana da Kawu dole ce, kuma kafin ranar biya. Zan dawo kan yadda za ka yi ta, amma ya fi kyau ka je masa da gyara a hannunka.

Abin da ka gani a Torch daidai ne, lissafi ma ya goyi bayanka. Kyamara guda mai hoton 1080p takan ci tsakanin megabit 2 zuwa 4 a kowane sakan idan ana kallon babban hotonta. In Kawu ya buɗe huɗu a fuskar wayarsa, ya nemi aƙalla megabit 8 daga layin da ƙarfinsa na ɗorawa megabit 5 ne. Kallon TikTok kuwa yawancinsa saukewa ne, kuma a can kuna da megabit 20. Ko yara uku sun taru suna kallo ba za su cika shi ba. Mutane sukan duba adadin saukewa kawai lokacin sayen intanet, alhali a shago mai kyamarori ɓangaren ɗorawa ne ke fara shaƙewa.

Kila ka yi mamakin yadda cikar ɗorawa ke daskarar da komai har da saukewa. Dalili shi ne duk abin da kwamfuta ta sauke, sai ta riƙa mayar da 'yan ƙananan saƙonni tana cewa "na karɓa, ƙaro". Waɗannan saƙonni ta hanyar ɗorawa suke fita. Haka tambayar DNS da ke neman adireshin shafi, haka buƙatar da POS ke turawa banki, haka muryar mai kira. Dukkansu ƙanana ne, amma sai sun bi layi ɗaya da hoton kyamara. Na'urar rediyon da ke kan rufinku tana da ma'ajiya inda fakitoci, wato ƙananan gutsattsarin data, ke jira. A ce tana ɗaukar kilobait 500. Wannan megabit 4 ke nan, tunda bait ɗaya bit takwas ne, kuma a layin megabit 5 zai ɗauki milisakan 800 kafin na ƙarshe ya fita. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta G.114 ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce milisakan 150. Ka ga tazarar. Shi ya sa dillalinku na Legas yake ta "halo, halo" alhali alamar wayfay a cike take.

Ka ɗauka famfon unguwa ne guda ɗaya. Mai ruwa ya zo da kura, jarka goma sha biyu, ya jera. Yaro ya zo da kofi yana jin ƙishi. In aka bi wanda ya riga zuwa, yaron zai tsaya har jarkoki su cika, alhali da mai ruwan ya ɗan janye jarkarsa ya bar shi ya tara kofin, ba abin da zai ragu a cinikinsa na ranar. QoS ba ya ƙara ruwan famfon ko ɗigo ɗaya. Aikinsa kawai ya tsara wa zai tara yanzu, wa zai jira. Wannan ne abin da nake so ka riƙe, domin masu sayar da na'ura sukan yi maganarsa kamar zai mayar da megabit 5 su zama 50.

To me ya sa saitinka bai yi aiki ba? Ina ganin dalilai uku, kuma mai yiwuwa duka sun haɗu a wajenka.

Na farko shi ne mafi girma, shi ne kuma wanda kusan kowa ke tsallakewa. Fifiko ba ya da ma'ana sai inda layin jira yake. Kebul ɗin da ya haɗa MikroTik ɗinka da rediyon rufi yana gudu a megabit 100 ko 1000, don haka MikroTik yana watsa wa rediyon komai nan take, babu abin da ke jira a cikinsa. Cunkoson yana can sama a rediyon, ko a na'urar kamfanin, inda dokokinka ba su isa ba. Ka tsara layi a wurin da babu kowa a tsaye. Maganinsa shi ne ka sa fayawol ɗinka ya zama shi ne mafi ƙuncin hanya da gangan. Ka auna ainihin ƙarfin layin a lokacin da aka fi aiki, ka cire kyamarori da wayoyi kafin ka auna, ka maimaita a ranaku daban-daban. Kada ka yi aiki da abin da aka rubuta a rasit. In ka ga ɗorawa tana kaiwa megabit 4.6, ka sa iyakar babban layin jiranka a wajen 4. Ana yawan ɗaukar kashi 85 zuwa 95 cikin 100 na abin da aka auna, ni kuwa a layin rediyo da ke hawa da sauka na fi son ka tsaya kusa da 85. Za ka ji kamar ka yi asarar rabin megabit, amma da shi ka dawo da layin jiran cikin na'urarka, inda kake da ikon cewa wane ya wuce. A MikroTik wannan yana nufin babban layi, uwar sauran, dole a ba shi max-limit, wato iyakar gudu ta sama. In babu shi, lambar fifikon da ka rubuta wa ƙananan layuka ado ce kawai.

Na biyu, FastTrack. Saitin da MikroTik ke zuwa da shi daga kamfani yana da wannan doka a kunne, kuma aikinta shi ne ta tsallakar da fakitoci daga yawancin bincike don a rage wa na'urar nauyi. Fakitin da ya bi ta nan ba ya ganin dokokin mangle ɗinka masu yi wa fakitoci alama, ba ya kuma shiga layukan jiran da ka tsara, ko simple queue ne ko queue tree da aka rataya a global. Ka duba dokokin fayawol ɗin, in ka gan ta ka kashe ta, sannan ka sake kunna na'urar don tsofaffin haɗi su mutu. A layin megabit 20 na'urar ba za ta ji nauyin rashinta ba.

Na uku ya fi ba ni tunani, domin ya shafi yadda muke kallon abubuwa. Ka ba wayar Kawu fifiko saboda shi ne mai gida. Amma lokacin da matsalar ke faruwa wayarsa ba ta ma cikin shagon, tana gida a kan datarsa. Kuma ko tana shagon, waya ɗaya tana yin kira, tana kuma tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar Google ba tare da mai ita ya sani ba. In ka fifita wayar gaba ɗaya, ka fifita har wannan lodin a kan POS. Fifiko na aiki ne, ba na mutum ba. Abin da za ka tambayi kowane irin zirga-zirga shi ne: in ya jira sakan ɗaya, wa zai cutu? Murya ba ta jure jira. Kira mai bin ƙa'idar murya ta G.711 yana fitar da fakiti na kusan bait 200 duk milisakan 20, bai kai kilobit 100 a sakan ba gaba ɗaya, amma in fakiti ya makara ya zama shara, don maganar ta riga ta wuce. Hoton kyamara in ya makara sakan biyu, Kawu ba zai ma lura ba.

Ga yadda zan raba megabit 4 ɗin da a ce ni ne. DNS da POS da kira su shiga layi na sama, fifiko 1, da tabbacin megabit ɗaya da rabi a limit-at, amma ka sa musu iyaka ta sama su ma, kamar megabit 3, don kada wani abu ya ɓuya a cikinsu ya kashe kowa da yunwa. Kwamfutocin lissafi su biyo baya da tabbacin megabit ɗaya da rabi. Na'urar kyamarori ta sami tabbacin kilobit 700, kada ta wuce megabit 2. Wayoyin yara su sami kilobit 300 na tabbaci a ƙasa, fifiko 8, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a MikroTik, ka raba musu da PCQ don kowace waya ta sami rabo daidai. Ka lura jimillar tabbacin ba ta wuce 4 ba. Kyawun wannan tsari shi ne in na sama ba sa aiki, na ƙasa suna cin rarar. Da sassafe ko bayan an tashi, yaro zai ji sabis ɗinsa garau, kuma bai tauye kowa ba.

Wurin da za ka sha wahala shi ne gane wane fakiti na wane ne. POS, kwamfutoci da na'urar kyamarori masu sauƙi ne: ka ba kowanne adireshin IP na dindindin a DHCP, wato sashen da ke raba wa na'urori adireshi, ka yi musu alama da adireshin. Wayoyin yara ka mayar da su kan wayfay na daban mai rukunin adireshinsa. Kira ne mai wuya. A da ana ganewa da lambar fot, wato lambar ƙofar da manhaja ke bi, kuma har yanzu wasu suna da nasu, Zoom yana amfani da fot 8801 zuwa 8810 na UDP (hanyar aika fakiti da kira ya fi bi), Teams kuma UDP 3478 zuwa 3481. Amma yau kusan komai a rufe yake da makulli yana bi ta fot 443, har bidiyon YouTube da ke bi ta QUIC a kan UDP, don haka dokar da ta ce "duk UDP na gaba" za ta jawo maka abin da kake gudu. Kada ka ɓata makonni kana farautar adireshin sabobin WhatsApp, suna canzawa.

Akwai hanya mafi sauƙi, kuma da ita nake so ka fara kafin ka gina waɗancan layuka huɗu. A 2010 wani injiniya ɗan Amurka, Jim Gettys, ya ja hankalin duniya kan wannan cuta ta ma'ajiyar da ta yi girma fiye da kima. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar CoDel, daga ita aka gina FQ-CoDel, daga baya kuma CAKE, wanda ya shiga Linux a 2018. Waɗannan ba sa tambayar sunan manhaja. Kowane haɗi suna ba shi layinsa, suna zagayawa bi da bi, kuma wanda ke turo ɗan kaɗan jefi-jefi, kamar murya da DNS da POS, shi ke wucewa gaba da kansa. Mai turo lodi kuma in ya fara tara jira, sai a yar masa da fakiti ɗaya-biyu, hakan ya sa shi rage gudu. RouterOS na 7, wato manhajar da ke tafiyar da MikroTik, yana da dukansu biyun. In naka na 6 ne, ka duba ko na'urarka za ta ɗauki sabuntawa. Ka yi layi ɗaya tak, iyakar ɗorawa megabit 4, saukewa wajen 17, nau'insa CAKE ko FQ-CoDel, sannan ka sa wa na'urar kyamarori iyakarta. A shago mai girman naku sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba sai ka koma ga rabon da na bayyana a sama. Masu wasu fayawol irin su pfSense da OPNsense su ma suna da FQ-CoDel, masu FortiGate kuma suna da nasu tsarin rabon, amma ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina.

Za ka ci karo da maganar DSCP a karatunka, lambar da ake maƙala wa fakiti, inda 46 ke nufin murya. Tana da amfani a cikin shago, musamman a wayfay. Da zarar fakiti ya fita zuwa kamfanin intanet kuwa, yawanci ko dai su goge ta ko su yi watsi da ita. Kada ka dogara da ita.

Gyara mafi arha ba a fayawol yake ba ma. Kusan kowace na'urar kyamarori tana fitar da hoto iri biyu, babba da ƙarami. Babban shi ake ajiyewa a faifai, ƙaramin kuma don kallo daga nesa aka yi shi, yakan ci wajen kilobit 250 zuwa 500. In aka mayar da manhajar wayar Kawu daga HD zuwa SD, kyamarori huɗu ba za su wuce megabit 2 ba, kuma abin da aka ajiye a shago yana nan da kyawunsa in wata rana aka nemi shaida. Ka kuma duba ko an kunna tura bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet ba dare ba rana.

Kafin ka taɓa komai ka fitar da kwafin saitin ka ajiye a filashi, ka kunna Safe Mode mai mayar da tsohon saiti in haɗinka da na'urar ya yanke, kuma ka yi aikin bayan an rufe shago. Yanzu kakar taki ce ko ba ita ba, ba a gwaji kwastoma na tsaye.

Sai Kawu. Na fahimci nauyin da kake ji, kuma nauyi ne mai kyau, kada ka yar da shi. Amma girmama shi bai haɗa da barin sa ya zalunci bawan Allah bisa kuskure ba. Mutumin da ya biya maka makaranta, don irin wannan ranar ya biya. Kada ka yi masa maganar a gaban yara, kada kuma ka fara da sunan yaron siton. Ka nemi lokacin da yake shi kaɗai a ofis, ka ce, "Kawu, na gano inda sabis ɗinmu ke tsayawa, ina so in nuna maka." Ka buɗe ping, wato gwajin da ke auna jinkirin layi, zuwa adireshin 8.8.8.8 a kwamfuta, ya ga lambobin suna tafiya ƙanana. Ka roƙe shi ya kashe wayfay a wayarsa, ya buɗe kyamarori huɗu da datarsa kamar yadda yake yi daga gida. Zai ga lambobin sun haura ɗaruruwa, ya rufe su sauko. Gani ya kori ji. Sannan ka kunna sabon saitin ku maimaita. A bakinka laifin na saitin kyamarori ne, kuma gaskiya ce, don shi Kawu ba abin da ya yi face duba dukiyarsa, kuma yana da wannan haƙƙin. Bayan ya gamsu sai ka ce, "Ashe ke nan ba daga mai sito ba ne, Kawu. Ina roƙon a bar masa albashinsa." In Kawu yana da wani ƙorafi kan danna waya a lokacin aiki, wannan magana ce daban tsakaninsa da yaron, a yi ta da sunanta. In kana ganin maganar za ta yi maka nauyi kai kaɗai, ka fara shaida wa mahaifiyarka, yayarsa ce, ta san ta inda ake shigarsa.

Batun rahoton abin da kowa ke kallo kuwa, ba na ba ka shawarar ka karɓa. Ka gaya wa Kawu gaskiya: yawancin abin a rufe yake, iyakarka ka ga sunan shafi da yawan data, kuma da zarar yara sun sami rabonsu na ƙasa ba za su iya cutar da POS ba ko me suke kallo. Leƙen asirin wayoyin mutane a ɓoye yana ɓata zama, zai mayar da kai ɗan rahoto a idon waɗanda kuke wuni tare, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane da ta hau kan masu kasuwanci. Abin da ya dace shi ne a tara yara a gaya musu a fili: ga wayfay ɗinku, ga iyakarsa, aikin shago ne a gaba, kuma ana ganin yawan datar da kowace waya ta ci.

Abu ɗaya da QoS ba zai yi maka ba: in layin kamfanin da kansa ya faɗi ƙasa da iyakar da ka sa, ko don cunkoso a wajensu ko don iska ta karkatar da rediyon rufi, layin jiran ya koma can sama, dokokinka sun sake zama ado. Don haka ka bar ping yana gudu na mako guda bayan gyaran, ka rubuta lokutan da ya haura. In ka ga yana haurawa alhali Torch na nuna ba ku cika layin ba, wannan takardar za ka kai wa kamfanin. In kuma Kawu ya ce shi lallai HD yake so a kyamarori huɗu lokaci ɗaya, ka gaya masa hakan na buƙatar ɗorawa ta megabit 15 zuwa 20, ka karɓo masa farashin daga kamfanoni biyu ko uku na nan Gombe, har da Starlink da ke aiki a Najeriya tun Janairun 2023, ya zaɓa da kansa.